Maƙwabcinka Yana Bakin Hanya

 Karatunmu na yau a kan tausayi ne. Kowa ya san wannan kalma. Amma za mu duba abin da take nufi ga mai bin Yesu Almasihu a nan Gaya, daga Litinin zuwa Asabar, bayan an tashi daga majami'a. Ka karanta a hankali. In ka gamu da kalma mai wuya, ka tsaya ka haɗa baƙaƙenta, ko ka tambayi malamin aji.

Gaya garin hanya ne

Gaya tana cikin jihar Dosso, a kudancin Nijar, a bakin kogin Kwara. Dendawa da Zabarmawa suna kiran kogin Isa. In ka haye ruwa, ka shiga Malanbil, a ƙasar Benin. In ka yi gabas kaɗan, sai ga ka a Kamba, cikin jihar Kebbi ta Najeriya. Daga nan zuwa Yamai kuwa wajen kilomita 300 ne.

A dā, shekaru da yawa manyan motoci suna ɗauko kaya daga Kwatano, su hau gada, su bi ta Gaya zuwa cikin ƙasa. Saboda haka garinmu ya saba da baƙi. A kasuwa za ka ji Dendanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Yarbanci da Faransanci.

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Bayan 'yan kwanaki ƙungiyar CEDEAO ta sa aka rufe iyakoki. Gada ta rufe, motoci suka yi dogon layi a Malanbil, mutane suka koma hayewa da jiragen ruwa. Abinci da magani suka yi tsada. Masu jirgi sun sami aiki, amma waɗansu da ke cin abinci a gindin gada suka rasa na sawa a baka. A shekarar 2024 kuma ambaliya ta taɓa mutum fiye da miliyan ɗaya a Nijar, gidaje suka faɗi, gonaki suka nutse.

Ka ga ke nan, wanda ke zaune a Gaya ba sai ya je nesa neman mai bukata ba. Hanya ce ke kawo masa shi har ƙofar gida.

Labarin da Yesu ya bayar

Akwai wani labari na hanya a cikin Littafi Mai Tsarki. Yana cikin Luka sura 10, daga aya 25 zuwa 37. Wani malamin Attaura ya san doka ta ce mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa. Sai ya so Yesu ya faɗa masa ko wane ne wannan maƙwabcin. Yesu ya amsa masa da misali.

Wani mutum ya tashi daga Urushalima za shi Yariko. Tafiyar wajen kilomita 27 ce, gangara ce cikin duwatsu da daji, wurin da 'yan fashi ke ɓuya. Suka tare shi, suka ƙwace kayansa, suka yi masa dūka, suka bar shi tsakanin rai da mutuwa. Wani firist ya zo, ya gan shi, ya ratse ta gefe. Wani Balawe, shi ma ma'aikacin Haikali, ya yi haka nan. Na uku Basamariye ne. To, Yahudawa da Samariyawa ba sa ga maciji da juna. Amma shi ne ya tsaya. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure su. Ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya kai shi masauƙi, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya ba mai masauƙin dinari 2, wato ladan aikin kwana 2 na ɗan ƙodago. Ya kuma yi alkawari zai biya sauran in ya komo.

Daga nan Yesu ya juya tambayar. Malamin yana neman sanin wanda ya cancanci a taimake shi. Yesu kuwa ya tambaye shi wane ne cikin mutum ukun nan ya zama maƙwabci ga wanda aka yi wa fashi. Sa'an nan ya aike shi ya je ya yi irin haka.

Ka lura da abin da Basamariyen ya yi, ɗaya bayan ɗaya:

1. Ya duba, bai kau da kai ba.
2. Ya matso kusa, har ya taɓa mutumin.
3. Ya yi aiki da abin da ke cikin jakarsa.
4. Ya kai shi inda za a fi iya kula da shi.
5. Ya yi niyyar komowa ya ga yadda ya kwana.

Firist da Balawe ma wataƙila sun ji zafi a zuciya. Amma mutumin yana nan kwance bayan sun wuce. Tausayin da bai sauko daga zuciya zuwa hannu da ƙafa ba, bai tashi kowa daga ƙasa ba. Yaƙub ma ya faɗi haka a wasiƙarsa, sura 2, aya 14 zuwa 17. Ya nuna cewa in ka sallami mayunwaci da addu'a kawai, alhali kana da abin ba shi, bangaskiyarka ba ta da rai.

Su wane ne ke bakin hanyarmu?

Na farko shi ne baƙo. A ce wata mace ta sauka a tasha da yara biyu, an yanke mata jaka, dare ya yi, ba ta jin Hausa ko Dendanci. Me za ka iya yi? Ka ba ta ruwa. Ka nemo wanda ke jin harshenta. Ka ara mata salularka ta kira danginta. In kai namiji ne, ka haɗa ta da matarka ko da wata dattijuwa, don kada a yi mata zargi. Wannan duka bai kai jika ɗaya ba.

Na biyu shi ne yaro mara lafiya. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. Ga kogi, ga fadamu, ga gonakin shinkafa. Saboda haka sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kashe ƙananan yara. A nan Gaya ne aka fara yi wa yara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Nijar, a watan Satumba na 2024. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba, sai an yi ta komawa, kuma ba ta ɗauke bukatar gidan sauro ba. In ɗan maƙwabciyarki ya yi zafin jiki, kada ki tsaya ga "Allah ya sawwaƙe". Ki ce mata, "Tashi mu je likita yau." In tana da waɗansu yara, ki riƙe mata su. In kai mai kabu-kabu ne, ka kai su. Yaron da aka kai a ranar farko ya fi samun sauƙi da wanda aka bari har ya fara suma.

Na uku shi ne mai ciwon kuturta. A dā mutane suna cewa la'ana ce, ko gado ne. Ba haka ba ne. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Wani likita mai suna Hansen ya gano ƙwayar a ƙasar Norwe a 1873. Ciwon yakan fara da tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske, in an taɓa wurin kuma mutum ba ya ji. Akwai magani, ana shan sa wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya. Wanda ya fara shan magani ba ya ba wani ciwon. In an fara da wuri, yatsu ba sa lalacewa. Kunya da tsoron a guje su ne ke sa mutane su ɓoye tabon har ya yi nisa. A Markus sura 1, aya 40 zuwa 45, wani mai kuturta ya zo wurin Yesu. Kowa yana gudunsa, amma Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Kai ma ka iya gaisawa da irin wannan mutum, ka zauna tare da shi a tabarma ɗaya, ka raka shi likita.

Ta huɗu ita ce mace mai yoyon fitsari. Wannan ciwo yakan zo ne bayan doguwar naƙuda, in jariri ya daɗe bai fito ba. Sau da yawa jaririn ya mutu, miji ya sake ta, mutane su ƙaurace mata saboda wari. Ba laifinta ba ne, ba kuma aikin iska ba ne. Ana yin aiki a ɗinke wurin, mata da yawa kuma suna warkewa sarai. Akwai cibiyar gwamnati ta wannan aiki a Yamai. A Danja, kusa da Maraɗi, an buɗe wata a 2012. Amma matar da ke ɓoye a ɗaki ba ta san da haka ba, ba ta kuma da kuɗin mota. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yar'uwa, ke ce za ki iya shiga ɗakin nan ki gaya mata.

Akwai kuma matar da mijinta ya rasu, da marayu, da tsohon da 'ya'yansa suka tafi cin rani, da almajirin da ke yawo ba takalmi, da mai taɓin hankali da yara ke jifa. In ka ga yara suna jifansa, ka tsawata musu. Wannan ma tausayi ne.

Ba a tambayar ƙabila ko addini

Basamariyen bai tambayi mutumin ko shi ɗan wane gari ne ba kafin ya ɗaure masa rauni. Kiristoci 'yan kaɗan ne a Nijar. A ƙidayar 2012 ba su kai mutum 1 cikin 100 ba. Saboda haka yawancin waɗanda za ka tarar a bakin hanya ba 'yan majami'arku ba ne.

Ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe asibiti a Galmi, cikin jihar Tawa, a 1950. Ta kuma buɗe wurin jinyar masu kuturta a Danja a 1956. Yawancin waɗanda aka yi wa magani a wuraren nan Musulmi ne, ba a kuwa tsare kowa a ƙofa don addininsa ba. Cocin Katolika ma yana da ƙungiyar taimako da ake kira Caritas, mai aiki ga kowa da kowa.

Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun san alheri. Suna ba da zakka da sadaka, suna ciyar da baƙo. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. A cikin wannan tashin hankali akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Bayan haka shugabannin ikilisiya suka yi kira a yafe. Ka ga, wata rana kai ne mai taimako, wata rana kuma kai ne kwance, wani ya tsaya dominka.

Abu ɗaya kuma: kada ka mai da taimako ƙugiyar kamun kifi. Kada ka ce wa mayunwaci sai ya zo majami'a za ka ba shi hatsi. Ka ba shi domin yana jin yunwa. In ya tambaye ka dalilin alherinka, ka gaya masa da gaskiya.

Ka tsare mutuncin wanda ka taimaka

Talaka ma yana da kunya. Wata kyauta tana cika ciki amma ta zubar da mutunci. A Matiyu sura 6, aya 1 zuwa 4, Yesu ya hana mu yin shela in za mu ba da sadaka. Saboda haka ka kai hatsin da dare, ko ka aiki yaro da kwano a rufe. Kada ka ɗauki hoton mutum da salula yana karɓa. Kada kuma gobe ka yi masa gori.

Akwai wata doka mai kyau a Littafin Firistoci sura 19, aya 9 da 10. An umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba. Wannan rabon matalauta ne da baƙi. Mu ma mun san kala. Rut baƙuwa ce daga ƙasar Mowab, mijinta ya rasu. Ta je kala a gonar Bo'aza a Baitalami don ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi. Bo'aza ya gaya wa ma'aikatansa su riƙa zubar mata da zangarniya da gangan, kada kuma wani ya tsangwame ta. Rut ta koma gida da hatsin da ta tara da hannunta, kanta a ɗage. In kana da gonar gero ko ta shinkafa, ka tuna da wannan ranar girbi. In kana da aikin da za ka ba mutum ka biya shi, sau da yawa ya fi masa daɗi da kyauta.

"Ai ni ma talaka ne"

Gaskiya ne, da yawa cikinmu ba mu da abin da ya wuce na yau. Amma a Markus sura 12, aya 41 zuwa 44, Yesu ya yabi wata matalauciya da mijinta ya rasu, wadda ta ba da 'yan kuɗi 2 ƙanana, fiye da attajiran da suka zuba da yawa. A Ayyukan Manzanni sura 9 kuma akwai Dokas ta garin Yafa. Ita ɗinki ta iya, da shi ta yi wa matan da mazansu suka rasu riguna. Kowa da abin da ke cikin jakarsa. Wani ƙarfi gare shi, zai iya gyara katangar tsohuwa bayan damina. Wata ruwa za ta ɗebo. Wani kuwa zama kawai zai yi kusa da mara lafiya ya saurare shi. Zumunta a ƙafa take.

Kai da ke riƙe da wannan littafi, kana da wani abu sabo a jakarka, wato karatu. Yanzu kana iya karanta wa tsoho takardar magani, ka gaya masa ƙwaya nawa zai sha, sau nawa a rana. Kina iya duba katin rigakafin jaririn maƙwabciyarki ki ce mata ran kaza za ki koma. Kana iya karanta wa wani saƙon da ɗansa ya aiko a salula, ka kuma riƙe masa asirinsa. Kana iya duba takarda kafin matar da ta rasa miji ta dangwala hannu a kan gonar marayunta. Mutane da yawa an cuce su don ba su sami mai karanta musu ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Basamariyen ma bai yi aikin shi kaɗai ba, ya sa mai masauƙi a ciki. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu bi na farko a Urushalima sun ga ana manta waɗansu matan da mazansu suka rasu wajen rabon abinci. Sai suka zaɓi mutum 7 amintattu suka danƙa musu aikin.

Ku ma kuna iya yin haka a ajinku, ko a zumuntar mata, ko a ƙungiyar matasa. A ce ku 20 ne. In kowa ya kawo tiya 1 ta gero lokacin kaka, kun tara tiya 20. In kowa ya sa dala 20 a asusu kowane mako, kun tara jika 2 a mako. Cikin wata 3 kun haura jika 20, abin da zai taimaka wajen kuɗin motar mara lafiya da mai raka shi. Ku sa mutum biyu su riƙe asusun. Ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a littafi, a karanta a gaban kowa. Rubutu yana hana zargi.

Tausayi da hankali suke tafiya

Wani zai ce, "In an cuce ni fa?" Yana yiwuwa. Akwai masu ƙaryar bukata. In kana shakka, ka ba da abinci maimakon kuɗi, ko ka je tasha ka biya kuɗin motar da kanka. Amma kada maƙaryaci ɗaya ya sa ka rufe ƙofa ga masu gaskiya goma.

In ka tarar da haɗari a kan hanya, ka kira mutane su zama shaidu, a kira 'yan kwana-kwana ko jandarmomi. In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. In ana zaton wuya ko baya ya karye, kada a ja mutum da ƙarfi. Kada kuma ka sayi ƙwayoyi wurin mai talla a rana ka ba mara lafiya da sunan taimako. Ka kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Wannan shi ne masauƙin da Basamariye ya kai nasa mutumin.

Don me muke yin haka?

Ba don mu sayi ceto ba ne, gama ceto kyautar Allah ne. Shi ne ya fara jin tausayinmu, ya aiko Yesu ya same mu inda muke kwance. Wanda aka yi wa jinƙai, shi ma sai ya yi wa wani. A Matiyu sura 25, aya 31 zuwa 46, Yesu ya ambaci mayunwaci, da mai ƙishi, da baƙo, da mara tufa, da mara lafiya, da ɗan kurkuku. Ya nuna cewa abin da aka yi musu, shi aka yi wa, abin da aka hana su kuma, shi aka hana. Wannan magana ce mai nauyi. Ka yi tunani a kanta gobe in ka bi ta tasha ko ta bakin kogi.

Kafin aji na gaba, ka zaɓi mutum ɗaya a unguwarku. Ka je ka gaishe shi, ka tambayi abin da ke damunsa, ka yi abin da ka iya. Bayan kwana biyu ka sāke komawa. Allah ya ba mu idon gani da ƙafar zuwa. Amin.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe biyu ne ke kusa da Gaya?
2. Ka faɗi abubuwa 5 da Basamariye ya yi.
3. Wata nawa ake shan maganin kuturta? Nawa ake biya?
4. Me ke kawo yoyon fitsari? Ana warkewa?
5. Ta yaya Bo'aza ya taimaki Rut ba tare da ya kunyata ta ba?
6. In mutum 20 suka sa dala 20 kowane mako, nawa za su tara a mako 4?
7. Ka rubuta jimla 3 a kan yadda karatunka zai amfani maƙwabcinka.